Istanbul Daga Kan Ruwa: Abin Gani da Abin Ci a Birnin Bosforus

Birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda Hausawan da suka gabata suka sani da sunan Santambul, yana zaune ne a mahaɗar ruwaye uku, kuma yawancin abin da baƙo zai gani da abin da zai ci a cikinsa waɗannan ruwaye ne suka tsara shi. Na farko shi ne Bosforus, wato siririn mashigin teku mai tsawon kimanin kilomita 30, wanda ya haɗa Bahar Aswad da ke arewa da Tekun Marmara da ke kudu, ya kuma raba nahiyar Turai da ta Asiya, alhali a inda ya fi ƙunci faɗinsa bai wuce kusan mita 700 ba. Na biyu shi ne Tekun Marmara kansa, wanda ta cikinsa jirage ke bi su fita zuwa Bahar Rum. Na uku kuwa shi ne Halic, wani reshen teku da ya kutsa cikin ƙasa ta ɓangaren Turai har tsawon kilomita 7 da ɗoriya, wanda Turawa ke kira Ƙahon Zinariya, kuma shi ne ya ba birnin tashar jirage mai zurfi wadda iska ba ta damunta. A tsakanin Halic da Marmara akwai wani tudu da ruwa ya kewaye ta gefe uku, kuma a kansa ne Girkawa suka kafa garin Bizantiyom a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, a kansa ne sarki Kustantin ya kafa sabuwar hedikwatar Rumawa a shekarar 330, a kansa ne kuma Sultan Muhammad na Biyu ya kafa gadon mulkinsa bayan ya ci birnin a ranar 29 ga watan Mayun 1453.

Cin birnin ma sai da ya bi ta ruwa, domin Rumawa sun datse bakin Halic da wata ƙatuwar sarƙa don kada jiragen yaƙi su shiga, sai Sultan ya sa aka ja wasu daga cikin jiragensa ta kan tudu aka sauke su a bayan sarƙar. Daga nan birnin ya zama cibiyar Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda bai kamata mai karatu ya haɗa ta da ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, har zuwa 1923 lokacin da sabuwar jamhuriya ta mayar da babban birnin ƙasa Ankara. Yau mutanen Istanbul sun haura miliyan 15, kuma da yawa daga cikinsu suna kwana a wata nahiya su yi aiki a wata.

Yawancin masu yawon buɗe ido suna fara ziyararsu ne daga unguwar Sultan Ahmad da ke kan wancan tudu, kuma suna da hujja, domin a cikin tazarar da mutum zai taka da ƙafa aka tara gine-ginen da suka sa hukumar UNESCO ta saka tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Mafi tsufa a cikin manyansu shi ne Aya Sofiya, wanda sarki Justiniyan ya gina a matsayin coci tsakanin 532 da 537, da ƙubba mai faɗin kimanin mita 31 wadda ta yi sama da ƙasa da mita 55, kuma ya yi kusan shekara dubu babu wata majami'a da ta kai shi girma. An mayar da shi masallaci a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a tsakiyar shekarun 1930, sannan aka sake buɗe shi ga masallata a watan Yulin 2020, shi ya sa mai shiga yake ganin zanen Kiristocin Rumawa na ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya a bango ɗaya da manyan alluna masu zagaye da aka rubuta sunan Allah da na Annabi (SAW) da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Daura da shi akwai masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, aka kuma ƙawata cikinsa da tayil fiye da 20,000 na garin Iznik, waɗanda shuɗin launinsu ya sa baƙi ke kiransa Shuɗin Masallaci. A ƙarƙashin ƙasa kuma, 'yan taku kaɗan daga nan, akwai matattarar ruwa ta zamanin Justiniyan mai ginshiƙai 336, wadda ke nuna wata matsala da ta daɗe tana bin birnin, wato ruwan gishiri ya kewaye shi ta ko'ina amma ruwan sha sai an jawo shi daga nesa an adana.

Fadar Topkapi, wadda ke kan ƙarshen tudun tana kallon inda ruwayen uku suka gamu, ita ce ta fi cancantar a ba ta yini guda, kuma ana rufe ta ranar Talata. Nan ne sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400 kafin su koma fadar Dolmabahce da aka kammala a 1856. Ga baƙo Musulmi, ɗakin da ya fi jan hankali shi ne na amanoni masu alfarma, inda aka ajiye alkyabba da takubba da sauran kayayyakin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara tarawa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, kuma ana karanta Alƙur'ani a wurin ba dare ba rana. Wannan fada tana da alaƙa da tarihin ƙasashen Tafkin Chadi, domin a shekarun 1570 Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu zuwa ga Sultan Murad na Uku, kuma kwafin amsar da aka rubuta masa a 1577 yana nan a taskar takardun daular. Amma ga mai son sanin asalin abincin birnin, sashen da ya fi ba da labari shi ne madafar fada, jerin ɗakuna masu ƙubbobi da dogayen bututun hayaƙi da ake hangowa tun daga teku, wadda magini Sinan ya sake ginawa bayan gobarar 1574. A nan ne a dā ake dafa wa dubban mutane abinci kowace rana, kowane rukuni na masu dafuwa da sana'arsa, har da ɗaki na musamman na kayan zaƙi, kuma a nan aka baje wani ɓangare na kwanukan tangaram na ƙasar Sin fiye da 10,000 da fadar ta mallaka.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba, wato unguwar da ta fi kowace arzikin gine-gine ita ce ta fi talaucin abinci. Gidajen abincin da ke kewaye da dandalin Sultan Ahmad sun san cewa mai cin abincinsu yau ba zai dawo gobe ba, don haka yawancinsu sun dogara ne ga masu tare hanya suna kiran baƙi da harsuna daban-daban da takardun abinci masu hotuna, kuma idan aka cire tsofaffin shagunan kofte, wato dunƙulen niƙaƙƙen nama da ake gasawa a kan gawayi, abin da ake samu a can bai kai kuɗinsa ba.

Gyaran wannan shi ne a bar dandalin a nufi yamma, zuwa masallacin Sulaimaniyya da Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557 a kan tudun da ke kallon Halic. Wannan masallaci ya fi na Sultan Ahmad natsuwa da ƙarancin cunkoso, kuma da wuya a yi gardama cewa ya fi shi kyawun tsari. Ba shi kaɗai aka gina ba, an gina shi ne a tsakiyar abin da Turkawa ke kira kulliya, wato rukunin gine-ginen waƙafi da ya ƙunshi makarantu da asibiti da masaukin matafiya da gidan wanka da imaret, wanda shi ne madafar da a dā ake ciyar da ɗalibai da matalauta kyauta. A jerin shagunan da ke fuskantar harabar masallacin akwai gidajen abinci da suka shahara da abu guda, farin wake da aka daɗe ana dafawa da man shanu da tumatir da barkono har ya yi laushi, ana cinsa da shinkafa da tsimammen kayan lambu. Wannan waken yana cikin dangin abincin da ake samu a gidajen da ake kira esnaf lokantasi, ma'ana gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a, inda ake jera tukwanen da aka dafa tun safe a bayan gilashi, mai ci ya nuna abin da yake so da yatsa, a zuba masa nan take. A irin waɗannan gidaje ne ake samun ainihin girkin gida na Turkawa, kamar miyar jan adas da ake matsa wa lemun tsami, da dogon baƙin yalo da aka tsaga aka cusa masa nama, da kayan lambu da aka dafa da man zaitun ake ci da sanyinsu, da ayran, wato kindirmo da aka dama da ruwa da gishiri. Da rana suke aiki, kuma wanda ya makara sai ya tarar tukwane masu daɗin sun ƙare.

Daga Sulaimaniyya hanya tana gangarawa ta cikin kasuwanni. Babbar rufaffiyar kasuwa, wadda aka soma ginawa jim kaɗan bayan cin birnin, tana da shaguna kusan 4,000 a kan layuka fiye da 60, ba ta ci ranar Lahadi, kuma ciniki a cikinta sai da tayi. A ƙasa kusa da ruwa akwai Kasuwar Masar ta shekarun 1660, inda ake sayar da kayan yaji da busassun 'ya'yan itace da lokum, wata alewa mai taushi da ake yi da sitaci da sukari, ko da yake mutanen gari sun fi saye a layukan da ke bayan kasuwar, inda farashi ya fi sauƙi. Ba nisa daga nan, a unguwar Laleli, akwai dubban shagunan sari na tufafi da kamfanonin aika kaya, inda 'yan kasuwa daga Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka ke sayen abaya da kwat da labule da kayan yara. Da yawansu sun san Istanbul ne ta wannan fuska kaɗai, alhali tsakanin Laleli da bakin teku tashoshi kaɗan ne a jirgin ƙasa na kan titi.

Inda gangaren ya ƙare shi ne Eminonu, tashar jiragen fito, kuma daga nan gadar Galata ta tsallaka bakin Halic zuwa unguwar da 'yan kasuwar Jenowa na Italiya suka gina hasumiyarsu a 1348. Gadar ta yanzu, wadda aka kammala a 1994, hawa biyu ce, a sama masu fatsa ne jere kafaɗa da kafaɗa dare da rana, a ƙasa kuma gidajen cin kifi. A wannan yanki ne ake sayar da abincin titi da ya fi kowanne suna a birnin, balik ekmek, ma'ana kifi da burodi, wato tsagin kifi gasasshe da ake sakawa cikin rabin burodi tare da albasa da latas da lemun tsami. Abin da yawancin masu cinsa ba su sani ba shi ne kifin da ke cikin burodin galibi ba daga ruwan da suke kallo ya fito ba, daskararre ne da aka shigo da shi daga Norway, domin irinsa na gida, wanda ake kira uskumru, ya yi ƙaranci a Bosforus tun shekaru da dama.

Labarin kifin Istanbul yana da tushe a yanayin mashigin kansa. Ruwa biyu ne ke gudana a cikinsa a lokaci guda, na sama mai ƙarancin gishiri yana gangarowa daga Bahar Aswad zuwa kudu, na ƙasa mai nauyin gishiri kuma yana tafiya arewa, kuma ta wannan ƙuntatacciyar hanya ce garken kifaye ke bi su haura Bahar Aswad da bazara don kiwo da hayayyafa, su dawo kudu da kaka sun yi ƙiba. Saboda haka tun zamanin Girkawa mutanen birnin ba sa bukatar zuwa nesa neman kifi, shi ne yake bi ta ƙofar gidansu sau biyu a shekara, har masanin ƙasa Strabo ya rubuta cewa a Halic ana kama kifin palamut da hannu, kuma an buga hoton kifin a kan tsabar kuɗin Bizantiyom. Wannan kai da komowa ne ya ba birnin kalandar cimarsa. Doka ta hana manyan jiragen su fita daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba, kuma da zarar an buɗe kakar su, palamut ne ke fara cika kasuwa, sai lufer ya biyo baya, wanda mutanen Istanbul ke ɗauka sarkin kifayen mashigin, har suna ba shi suna daban a kowane matakin girmansa. Da sanyi ya kankama sai hamsi, ƙaramin kifi da ake birkiɗawa a garin masara a soya, sai kuma kalkan, faffaɗan kifi mai tsada, a ƙarshen hunturu da farkon bazara.

Wannan arziki ya ragu ƙwarai saboda yawan kamu da ƙazantar ruwa. Manyan kifaye irin su tuna da mai takobi, waɗanda a dā suke ratsa mashigin, sun zama labari, kuma a 2021 wani yauƙi mai kauri ya rufe fuskar Tekun Marmara na tsawon watanni, abin da masana suka danganta da ruwan ƙazanta da ake zubarwa a tekun da kuma ɗumamar ruwa. Abin da wannan ke nufi ga baƙo shi ne, idan ya zo a tsakiyar bazara, lokacin da masu yawon buɗe ido suka fi yawa, kifin da za a kawo masa a faranti mai yiwuwa levrek ne ko cipura na kiwo daga gonakin kifi na Tekun Ejiyan, wanda ba shi da laifi amma ba shi da alaƙa da Bosforus. Wanda ya zo a watan Oktoba ko Nuwamba shi ne zai ci abin da birnin ya yi suna da shi. A kowane hali, manyan kifaye da nauyi ake sayar da su, don haka hankali shi ne a sa a auna, a ji farashi, kafin a kai kifin wuta.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ke ɓoye a cikin abincin titi na bakin teku. Da yamma ana ganin samari da faranti cike da midye dolma, wato wata halittar teku mai ɓawo biyu da ake cusa wa shinkafa mai kayan ƙamshi, mai saye ya tsaya yana ci ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga ɓawon a yi masa lissafi. Yawancin Turkawa mabiya mazhabar Hanafiyya ne, wadda ba ta halatta komai daga teku sai kifi, shi ya sa masu tsantseni a cikinsu ke ƙaurace wa wannan abinci, wanda a dā aka fi sanin Girkawa da Armeniyawan birnin da shi, alhali a mazhabar Malikiyya da Hausawa ke bi duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Abin da ya fi dacewa baƙo ya kula da shi a nan shi ne tsabta, musamman lokacin zafi. Haka nan ya kamata a san cewa yawancin gidajen cin kifi na dare irin waɗanda ake kira meyhane ne, inda ake jera ƙananan faranti na meze, wato 'yan abubuwan buɗe baki, tare da giyar raki, kuma wanda ba ya son zama a irin wannan wuri zai sami gidaje da yawa da suka rubuta a ƙofa cewa ba sa sayar da barasa, musamman a unguwannin Fatih da Uskudar.

Daga Eminonu ne ake shiga jirgin fito, kuma babu wani abu a birnin da ke ba da kallo mai yawa a kan kuɗi kaɗan kamarsa. Jigilar fasinja da jiragen tururi a Bosforus ta bunƙasa ne da kamfanin da aka kafa a 1851, yau kuma jiragen hukumar birni ne ke yin aikin, ana biya da katin Istanbulkart wanda ke aiki a bas da jirgin ƙasa duka. Tsallakawa zuwa Kadikoy ba ta wuce minti 25, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake ganin tsohon birnin yadda maginansa suka nufa a gan shi, domin Sinan da waɗanda suka biyo bayansa sun dasa manyan masallatai a kan tuddai ne don mai zuwa ta teku ya hango su a jere. A cikin jirgin ana zagayawa da shayi baƙi a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, wanda ganyensa ke fitowa daga lardin Rize na gabar Bahar Aswad, inda aka buɗe masana'antar shayi ta farko a 1947, abin da ke nuna cewa wannan al'ada da ake gani kamar ta kaka da kakanni ba ta daɗe ba. Abokin shayin shi ne simit, burodi mai siffar zobe da ake tsomawa a ruwan inabi dafaffe a barbaɗa masa riɗi kafin a gasa, kuma rabinsa kan ƙare ne a bakin tsuntsayen teku da ke bin jirgin.

Mai yini guda a hannu zai iya shiga jirgin doguwar tafiya da ke haurawa har Anadolu Kavagi, ƙauyen masunta da ke kusa da bakin Bahar Aswad. A hanya ana wuce fadar Dolmabahce, inda Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar, ya rasu a ranar 10 ga Nuwamban 1938, sai masallacin Ortakoy a gindin gadar farko da ta haɗa nahiyoyin biyu a 1973, sai ganuwar Rumeli Hisari da Sultan Muhammad ya gina cikin 'yan watanni a 1452, a daidai inda mashigin ya fi ƙunci, don ya yanke wa Rumawa agajin da ke zuwa daga arewa. A gefe biyu ana ganin yali, wato gidajen katako na manyan daular da aka gina a bakin ruwa sosai, waɗanda gobara ta cinye da yawansu, sauran kuma suna cikin gidaje mafi tsada a ƙasar. Jirgin kan tsaya a Kanlija, ƙauyen da ya yi suna da kindirmo mai kauri da ake barbaɗa wa garin sukari. Duk wannan yana faruwa ne a tsakanin manyan jiragen dakon mai da hatsi, kusan 40,000 a shekara, waɗanda yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta ba su 'yancin wucewa a lokacin zaman lafiya.

Ɓangaren Asiya ba shi da manyan gine-gine kamar na Turai, amma a nan ne aka fi cin abinci mai kyau. Uskudar unguwa ce ta masallatai da maƙabartu, kuma a zamanin daular daga nan ne ayarin da ke kai kyautar Sultan zuwa Makka da Madina yake kama hanyar ƙasa kowace shekara. Kadikoy kuwa tana da kasuwar kifi da cuku da zaitun da tsimammen kayan lambu da mutanen gari ke saye a cikinta, kuma wuri ne mai kyau na gwada karin kumallon Turkawa, wanda ake cika tebur da cuku iri-iri da zaitun da tumatir da kokwamba da zuma da kirim ɗin madara da menemen, wato ƙwai da aka soya da tumatir da tattasai. Wata tafiyar fito da ta cancanci rabin yini ita ce ta cikin Halic zuwa Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Annabi (SAW) a gidansa bayan hijira, ya kuma rasu a bakin ganuwar birnin lokacin yaƙin da Musulmi suka kawo a zamanin Mu'awiya. An gina masallacin farko a wurin a 1458, a nan ne a dā ake rataya wa sababbin sarakuna takobin sarauta, kuma har yau iyalai suna kai 'ya'yansu maza ziyara cikin fararen kaya kafin a yi musu kaciya.

Kayan zaƙi babi ne mai zaman kansa. Baklawa, wadda ake yi da siraran fallen ƙullu masu yawa da man shanu da fistik, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, da ruwan sukari, ta fi kyau a shagunan mutanen Gaziantep, kuma tana da tarihi a fada, domin a dā, a tsakiyar watan azumi, ana raba wa sojojin Sultan manyan faranti nata. Akwai kuma wani farin abin zaƙi na madara da ake saka masa zaren naman ƙirjin kaza, wanda mai ci ba zai gane ba sai an gaya masa. Gahawa ta riga shayi zuwa birnin da ƙarnuka, tun da wasu mutum biyu daga Sham suka buɗe gidan shanta na farko a unguwar Tahtakale a shekarun 1550, kuma ana dafa ta ne da garinta a ƙaramar tukunya mai dogon hannu, a bar tukar a gindin kofi.

Game da kuɗi, duk farashin da aka rubuta yau zai iya tsufa kafin a karanta shi, domin hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022 bisa alƙaluman hukuma, kuma tun daga farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa jerin farashinsu a bakin ƙofa, don haka gidan da ba a ga wannan jeri ba gara a wuce shi. Game da lokaci kuwa, watan Afrilu da Mayu suna da sassaucin yanayi da furannin tulib a lambuna, Yuli da Agusta suna da zafi da gumi da cunkoso, kaka tana da kifi, a watan azumi kuma ana rataya rubutun fitilu tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai, ana yin layi a gidajen burodi kafin buɗa-baki. Hunturu yana da ruwan sama da sanyi mai ratsa ƙashi, wani lokaci da dusar ƙanƙara, kuma shi ne lokacin boza, wani abin sha mai kauri na gero da aka ɗan tsima, wanda Bahaushe zai ji shi kusa da kunun zaƙi, ana barbaɗa masa kirfa, kuma shagon da ya fi shahara da shi yana unguwar Vefa tun 1876. A wannan lokaci ne kuma iskar kudu maso yamma da ake kira lodos, ko hazo mai kauri, kan sa a soke tafiyar jiragen fito, sai mai son tsallakawa ya koma ga jirgin ƙasa na Marmaray da aka buɗe a 2013, wanda ke bi ta ƙarƙashin mashigin cikin minti huɗu, kuma a wajen haƙa tasharsa ta Yenikapi ne aka tono tsohuwar tashar jiragen Rumawa da ragowar jirage 37 a cikin laka.